Sayen amfilifaya ta hannu mai tsada: abin dubawa kafin kuɗi su bar aljihu

Amfilifayar da ake magana a kanta nan ba irin Ahuja ɗin masallaci ba ce, ba kuma ta masu kiɗan biki da ake jibgawa bayan a-kori-kura ba. Ta ɗaki ce, wadda masu kayan sauti ke kira "fawa" a taƙaice, ba fawar mahauta ba. Akwatin ƙarfe ce mai nauyi, ba rediyo, ba maɓallin ƙara murya. Aikinta ɗaya tak: ta karɓi siririn sauti daga firi'am, wato na'urar da ke gabanta mai zaɓar abin da za a saurara da maɓallin ƙara murya, ta ba shi ƙarfin da zai motsa lasifika. Sabuwarta daga McIntosh ko Pass Labs ko Accuphase tana iya cin kuɗin mota, shi ya sa masu sha'awa da yawa suke komawa ga ta hannu. Kuma suna da hujja. Waya ta shekara biyar ta zama tarihi, amma amfilifayar da aka ƙera da kyau a 1995 har gobe tana iya kayar da sabuwa mai matsakaicin kuɗi.

Sai dai wanda ya sayi ta hannu ba suna kaɗai ya saya ba. Ya sayi zafin da ta sha, da wutar da aka ba ta, da hannun duk mai gyaran da ya taɓa buɗe ta. Ga mai zama a Kano ko Zariya ko Maraɗi kuwa, waɗannan sun fi sunan kamfani muhimmanci.

Lasifikarka ce ke zaɓa

Kafin ka fara kallon hotuna, juya lasifikarka ka karanta lambobi biyu. Ta farko ita ce om, ma'aunin yadda lasifikar ke tare wuta, galibi 8 ko 6 ko 4. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya, ana rubuta ta kamar 87dB. Lissafin ba wuya: ƙarin 3dB na buƙatar ninka wat sau biyu, ƙarin 10dB kuwa sau goma. Lasifika mai 87dB za ta ba da 97 da wat 10, ta ba da 107 da wat 100. Idan kana zaune mita uku daga gare ta, cire kamar 6, ka ga wat 100 ya kai ka wajen 100dB a lokacin da ganga ta buga, wanda ya ishi falo har maƙwabta su san kana gida. Lasifika mai 84dB tana son ninkin haka. Mai 90dB rabi ya wadatar da ita.

A takardar amfilifayar, kada ka tsaya a wat na om 8. Duba abin da take bayarwa a om 4. Wadda ke ba da 100 a om 8 ta kuma ba da 180 ko 200 a om 4, taransifomarta da taransistocinta na da ƙwari. Wadda ta tashi daga 100 zuwa 120 kawai za ta yi haki idan ta gamu da lasifika mai taurin kai, domin lasifikar da aka rubuta wa om 8 tana iya sauka ƙasa da 4 a wajen bas, wato sauti mai kauri irin na ganga. Duba kuma ramukan shiga na bayanta. Idan firi'am ɗinka rami irin RCA kaɗai gare shi, amfilifayar kuma irin XLR kaɗai, wanda bakinsa daban ne, ka ƙara wa kanka sayayya.

Wuta, inda aka fi yin asara

Wutar Najeriya da Nijar tana kan bolt 220 zuwa 230, 50Hz, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Ingila da sauran Turai haka take. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce, 60Hz. Ta Japan bolt 100. Manyan amfilifayoyi na hannu da yawa daga Amurka da Japan suke fitowa, don haka abu na farko da za ka nema shi ne hoton farantin baya, inda aka rubuta wutar da take ci. Kada ka karɓi "ai tana cin kowace wuta" daga bakin mai sayarwa.

Idan ta 120 ce, hanya uku ke gabanka. Wasu suna da maɓallin sauya wuta a baya ko a ciki. Wasu taransifomarsu na da naɗi biyu a ɓangaren shiga, wanda mai gyara zai sauya haɗinsu daga gefe da gefe zuwa jere, ta koma 240. A nan dole a sauya fiyus zuwa rabin na da, misali daga amfiya 10 zuwa 5, kuma a duba ƙananan sassan da ke tare wutar da ta wuce kima, domin na 120 ne, za su fashe a 230. Wasu kuwa naɗi ɗaya gare su, ba yadda za a yi sai taransifomar rage wuta ta waje. Ita ma kada ka yi mata rowa. Idan farantin ya ce amfilifayar na iya jan wat 800, nemi taransifoma mai VA 1500 zuwa 2000. Ƙaramar nan ta aljihu da ake sayarwa don injin aski ba ta cikin lissafi. Ta Japan ma tata daban ce: kada a ba ta 120 a ce ai kusa ne, kashi ashirin cikin ɗari aka ɗora mata, kuma kafasitocinta, gwangwanayen da ke tara wuta a cikinta, su ne za su biya.

Akwai tarkon da ba kowa ya sani ba. Wasu samfuran Krell da Mark Levinson daga shekarun 1990 zuwa sama suna da ƙwaƙwalwar da ke gane ko wutar 50Hz ce ko 60Hz. Idan ta Amurka ce aka kawo ta ƙasar 50Hz, ko an rage mata bolt daidai sai ta ƙi tashi, ko ta tashi ta mutu. Taransifomar rage wuta ba ta sauya Hz. Kafin ka sayi ɗaya daga cikinsu, tabbatar da batun a kan ainihin samfurin. Ko babu wannan kulle, taransifomar da aka naɗa don 60Hz takan fi zafi da gurnani a kan 50Hz.

Sannan ga wadda aka riga aka yi wa aika-aika. Kwantena ta sauka, yaron shago ya ga filogi, ya sa mata adafta ya cusa a soket, ta 120 ta sha 230. Hayaƙi ya tashi. Aka kai wa mai naɗin taransifoma ya sake naɗa ta, aka goge, aka jera a kanta. Za ta kunnu, za ta yi kiɗa, amma ba ita ba ce kuma. Taransifoma tana daga cikin abubuwa mafi tsada a akwatin, kuma naɗin hannu ba ya maido da kaurin waya da yawan zagaye da rufin da kamfani ya yi. Alamarta: farantin baya ya ce 120, amma ana kunna ta kai-tsaye a wutarmu, kuma babu wanda zai iya faɗa maka yadda aka sauya ta. A ciki za ka ga tef ɗin takarda ko salatif a jikin taransifomar, da warin sabon banish, da wayoyi masu launin da bai dace da sauran ba. Wannan ko a rabin kuɗi, bar ta.

Zafi

Amfilifaya aji-aji ce. Ajin A tana jan wuta iri ɗaya ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma kusan duk abin da ta ja zafi yake zama. Ƙaramar ajin A mai wat 30 a kowane gefe tana iya jan wajen wat 200 daga bango a zaune kawai. Awa biyar, yunit ɗaya ya tafi daga mitarka, ko daga batirin solarka. Irin waɗannan ana ƙera su ne haƙarƙarin alminiyam ɗinsu, wato jerin ƙarafan jikin akwati masu fitar da zafi, ya ɗara zafin ɗaki da kamar digiri 25. A ɗakin Turai mai digiri 22, wannan 47 ne. A ɗakin da ba AC a watan Afrilu, inda ma'auni ke nuna 38, ya haura 60. Sautin ajin A akwai daɗi, ba musu, amma wanda ba shi da tsayayyiyar wuta da ɗaki mai sanyi, wahala zai saya wa kansa.

Ajin AB ita ce mafi yawa, kuma ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu. A zaune ɗumi kawai take yi. Bryston 4B, Parasound A21, yawancin McIntosh masu taransista, duk nan suke. Ajin D ba ta da nauyi, ba ta zafi, ba ta cin wuta, abin so ga mai sola. Matsalarta gyara: yawanci allon haɗin wuta ne guda na kamfanin Hypex ko ICEpower ko Purifi, idan ya mutu ba a cika gyara shi ba, sauya shi ake yi ɗungurungum, don haka a tabbatar ana samunsa har yanzu. Mai bawul kuwa, wato mai aiki da kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila maimakon taransista, irin McIntosh MC275 da ta fara fitowa a 1961, tana da nata kuɗin ciyarwa. Manyan bawul kamar KT88 da 6550 da EL34 suna gajiya bayan awa dubu biyu zuwa uku, kuma ana sauya su ne a saiti wanda aka auna suka yi daidai da juna, ba ɗaya-ɗaya ba.

Dalilin dagewa a kan zafi shi ne kafasita. Manyan gwangwanayen nan da ke kusa da taransifoma ruwan sinadari ne a cikinsu, kuma yana bushewa. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce, duk ragin digiri 10 yana ninka kwanansu. Wadda aka rubuta wa awa 2000 a digiri 85 za ta yi wajen awa 32,000 a digiri 45, amma 16,000 kawai a digiri 55. Shekara ɗaya awa 8760 ce. A aikace sukan wuce lissafin takarda, amma ka ga bambancin wadda ake kunnawa awa biyu da dare da wadda mai ita bai taɓa kashewa ba don wai sauti ya fi daɗi idan tana da ɗumi. Duk amfilifayar da ta haura shekara ashirin ba a taɓa kafasitocinta ba, sa kuɗin sauya su a cikin farashi tun yanzu.

Tambayoyi kafin ka taka

Ko a Alaba ta Legas ka gan ta, ko a shagunan kayan wuta na Sabon Gari, ko a Jiji da Facebook, ko a eBay da Audiogon, tambayoyin ɗaya ne. Shekara nawa tana hannunka, kuma daga wa ka same ta? An taɓa buɗe ta, wa ya buɗe, me aka sauya, akwai rasit? Da wace lasifika take aiki? Yaushe rabon da a kunna ta? Akwai kwalinta na asali? Mai gida da ya san kayansa zai amsa har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Ɗan kasuwa da ya saye ta a cikin tarin kaya ba zai sani ba, kuma wannan ba laifi ba ne, sai dai farashin ya nuna haka.

Nemi lambar jikinta. Kamfanoni da yawa za su faɗa maka shekarar ƙira da wutar asali idan ka aika musu lambar. Bryston ta Kanada tana ba amfilifayoyinta garantin shekara 20, amma kan na baya-bayan nan tana neman rasit ɗin dillalinta na asali, don haka takardar kuɗi ce. Idan lambar an kankare ta ko an ɓamɓare, ka san me ke nan.

Cinikin biri a sama shi ne sayen da ba ka gani ba. Idan ba makawa, ka sa mai ita ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ɗora a kan amfilifayar ya ɗauki hoto, sannan ya yi bidiyo tana kunne, kowane gefe shi kaɗai. Masu damfara hotunan wasu suke sata, ba su iya wannan. Biya ta hanyar da ke kare mai saye. Kuma ka sani akwai kwaikwayon manyan sunaye da ake yi a Sin, akwati kamar na gaske, ciki daban. Nauyi ne kan tona asirinsu: nemi nauyin da kamfani ya rubuta, ka sa a ɗora ta a sikeli.

Da ido, kafin a sa mata wuta

Je da tocila, da sukundireba, da mitar awon wuta, da ƙaramar lasifikar da ba za ka yi kuka ba idan ta ƙone.

Fara da kusoshin murfi. Kan da ya cinye, ko kusoshi kala-kala, na nufin an sha buɗewa. Dubi kusurwoyi da haƙarƙari: lanƙwasa a kusurwa alamar faɗuwa ce, kuma abu mai kilo talatin idan ya faɗi, taransifomarsa kan goce ta tsaga allo. Murɗa maƙallan wayar lasifika ka ji ko suna juyawa da gindinsu. Zaro fiyus ka karanta. Idan farantin ya ce amfiya 5 ka tarar da 15, ko ka tarar an ɗaure shi da silin waya ko takardar sigari, wani abu ne ke ƙona fiyus ɗin, aka rufe masa baki maimakon a nemo shi.

Nemi izini a buɗe murfin. Wanda ya ƙi, ya ba ka amsa. Amma a kula: manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an cire filogi, bolt 60 zuwa 90 a mai taransista, 400 zuwa 500 a mai bawul, kuma wannan na kisa. Kallo za ka yi da tocila, hannu a aljihu.

Sansana tukuna. Ƙauri ba ya ɓuya ko bayan shekara. Zarnin ɓera ma haka, kuma fitsarinsa na cin layukan tagulla na allo. Dubi kan kafasitoci, manya da ƙanana: ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura, ko ledarsa ta ja baya ta bar kafaɗa a waje, ko akwai ɓawon fari ko ruwan kasa a gindinsa, ya gama. Kada ka rikita wannan da gam. Kamfanonin Japan na shekarun 1970 da 1980, Sansui musamman, sun yi amfani da wani gam don riƙe kafasitoci, wanda da tsufa yake komawa baƙi-baƙi, ya fara cin ƙafafun sassan da ya taɓa har ya riƙa ɗaukar wuta. Shi ma aiki ne, amma kankarewa ake yi.

Sai taransistocin fita, waɗanda ke jere a jikin haƙarƙari. Karanta rubutunsu gefen hagu da gefen dama. Kamfani ɗaya, lamba ɗaya, tsufa ɗaya ya kamata ka gani. Idan goma sha ɗaya na kamfanin Sanken ne masu dusasshen rubutu, ɗaya kuma sabo fil mai wani suna, da farin man zafi sabo a bayansa da ɗanyen dalma a ƙafarsa, wannan gefen ya taɓa ƙonewa, aka sauya wanda ya mutu kaɗai. Gyaran kirki shi ne a sauya duk na gefen da saiti wanda aka auna, a duba ƙananan rizistocin om 0.22 da ke gabansu da taransistocin da ke tura su. Ga kuma jabu. Lambobi masu farin jini kamar 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba jabunsu ya cika kasuwa, a waje iri ɗaya, a ciki ƙwayar ba ta kai rabi ba. Za su yi kiɗa a hankali, ranar da ka ɗaga murya su tafi, wani lokaci har da lasifikarka.

Allo da ya yi duhu a ƙarƙashin wani rizista na nuna wurin ya daɗe yana gasuwa. Tsatsa a jikin taransifoma da kusoshi na nuna ta kwana a laima ko iskar teku. Ƙura kaɗai ba komai ba ce, busawa ake yi.

Kunnawa da awo

Wadda ta yi shekara biyu ko fiye a ajiye ba a cusa ta a soket kai-tsaye. Masu gyara suna da dabara mai araha: ƙwan fitila na da, mai zare, wat 100, a jera shi a kan wayar wuta mai rai kafin amfilifayar. Ƙwan LED ko na ceton wuta ba ya wannan aiki. Idan lafiya, ƙwan zai haska da ƙarfi na daƙiƙa ɗaya ko biyu yayin da kafasitoci ke cika, sannan ya dusashe. Idan ya tsaya da haske, akwai gajeren haɗi a ciki, kuma ƙwan ya shanye wutar da za ta yi ɓarna. Ajin A da masu ƙwaƙwalwa ba su jituwa da wannan dabara, domin suna jan wuta da yawa tun farko. Su sai taransifoma mai murɗawa, a ɗaga wutar sannu-sannu ana kallon amfiya.

Da ta tashi, saurari rile. Bayan daƙiƙa uku zuwa goma za ka ji "ƙas", alamar na'urar kariya ta gamsu ta haɗa lasifika. Idan fitilar kariya ta tsaya, ko rile na ta ƙas-ƙas, ciniki ya koma na kayan gyara.

Yanzu awon da ya fi kowanne amfani, kuma minti biyu ne. Ba lasifika, ba abin da ke shiga. Bar ta ta yi minti goma sha biyar. Sa mitarka a DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, ma'aunin milibolt 200, ka taɓa ja da baƙi na maƙallan lasifika na gefe ɗaya. Ƙasa da milibolt 20, madalla. Zuwa 50, ba damuwa, saiti ne. Sama da 100, akwai abin da ya gaji a ɓangaren shiga. Idan ta kai bolt guda ko fiye, kada ka haɗa ko wace lasifika, domin wutar DC tana dafa naɗin lasifika shiru ba tare da ka ji komai ba. Auna ɗaya gefen, kuma ka lura ko lambar na tsaye ko tana yawo sama da ƙasa. Yawo ya fi babbar lamba tsayayyiya muni.

Togaciya uku. Mai bawul ba a taɓa kunna ta ba tare da lasifika ko rizistan om 8 mai ɗaukar zafi a bakinta ba, domin taransifomar fitarta na iya ƙonewa, kuma ita ce ranta. McIntosh masu taransifomar fita, waɗanda ke da maƙallai daban na om 2 da 4 da 8, kullum kusan sifili za su nuna, don haka awon ba ya faɗa maka komai a kansu. Sannan wasu amfilifayoyin duka maƙallansu biyu na da rai, ja da baƙi: kada ka haɗa baƙin da jikin akwati ko da baƙin ɗaya gefen.

Bayan rabin awa, ɗora tafin hannu a haƙarƙarin hagu, sannan na dama. Ɗuminsu ya zama ɗaya. Ɗaya zafi ɗaya sanyi na nufin bayas, wato 'yar wutar da ke ratsa taransistoci a zaune, ta goce a gefe guda. Idan ba ka iya riƙe hannunka daƙiƙa biyar, ta haura digiri 55, abin da ba a tsammani daga ajin AB da ke zaune. A mai bawul, kashe fitilar ɗaki ka leƙa: zaren ciki ne kaɗai ya kamata ya yi ja. Idan farantin ƙarfen cikin bawul ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take.

Da kunne

Haɗa ƙaramar lasifikar gwaji tukuna. Ba kiɗa, kai kunnenka kusa. Siririn "sss" da ba a ji sai an manna kunne ba laifi ba ne. Gurnani kuwa iri biyu ne. Idan ka cire duk wayoyin shiga ya ɓace, ba laifinta ba ne, rikicin wayar ƙasa ne tsakanin kayan, kuma sau da yawa wayar dish ce da ta biyo ta dikoda. Idan ya tsaya ko ba komai a haɗe, musamman mai kaifi kamar kukan ƙudan zuma a duka gefe biyu, manyan kafasitoci ne. Gurnanin da ke fitowa daga jikin akwatin kansa, ba daga lasifika ba, taransifoma ce. Gwada ta a wani gida ko wata wuta kafin ka yanke mata hukunci, don gurɓatacciyar wuta ma na sa lafiyayyar taransifoma kuka.

Sa muryar mutum ɗaya, karatu ko labarai. Muryar ta tsaya a tsakiyar lasifikun biyu cak. Rage murya ƙasa sosai: idan gefe ɗaya ya ɗauke ko ya yi ƙarzo, ka ɗaga murya ya dawo, bakin rile ne ya yi datti, gyara mai sauƙi in ana samun irinsa. Sannan haɗa lasifikar gaske, ka ba ta kiɗa mai ganga da ƙarfi na minti ashirin. Matsaloli da yawa sai da zafi suke fitowa, musamman dalmar da ta tsage. Mai sayarwa da ke kashewa bayan waƙa ɗaya yana cewa "ka ji ai", ka roƙe shi ya ƙara haƙuri.

Wasu da halinsu

Mark Levinson 331 da 332 da 333 an san su da mutuwar manyan kafasitoci, kuma kai hannu gare su sai an kwance kusan komai, don haka ladan aikin na da yawa. Adcom GFA-555 ta 1985, ƙirar Nelson Pass, wat 200 a kowane gefe, tana da araha da sauƙin gyara, amma ba ta da rilen kare lasifika, idan ta lalace lasifikar ce a gaba. 'Yan uwanta GFA-565 da 585 kuma ƙananan kafasitocinsu na yoyo su jiƙa allo. Tsofaffin Naim na Ingila suna son doguwar wayar lasifika irin tasu, aƙalla mita uku da rabi, in ba haka ba su yi zafi su rikice. Sony da Yamaha na shekarun 1970 masu taransistar V-FET sautinsu abin yabo ne, amma an daina ƙera taransistar tuntuni, idan ta ƙone sai dai a yanka wata amfilifayar a ciro. Tambayar da ta haɗa su duka ita ce: akwai zanen haɗinta a intanet, ana samun sassanta, kuma akwai mai gyara a kusa da ya san auna bayas, ba mai sauya-ka-gani ba? Nemo mai gyaran kafin ka nemo amfilifayar.

Ciniki da kawowa gida

Farashin da ake nema ba shi ne farashi ba. A eBay duba waɗanda aka riga aka sayar, HiFi Shark kuma na tara tallace-tallacen ƙasashe da yawa wuri ɗaya. Kan wannan ka ɗora jigila, wadda da kilo ake biya, da kuɗin kwastan, da taransifomar rage wuta in ana buƙata, sannan ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na farashin don gyara idan ta haura shekara goma sha biyar. Duk abin da ka gani da tocila da mita, faɗe shi da lamba a wajen ciniki. "Gefen dama na nuna milibolt 140" ya fi "kamar ta tsufa" rage kuɗi.

Idan aikowa za a yi, kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da soso mai tauri kamar kaurin yatsu uku a kowane gefe. Ƙwallayen farin soso ba su riƙe abu mai kilo arba'in, nutsewa yake yi ya daki ƙasa. A cire bawul, a sa wa kowanne lambar raminsa, a naɗe daban. McIntosh fuskar gilashi gare ta, kuma ita ce ke fara fashewa. A tashar mota, tsaya ka ga inda aka ajiye ta, kada a ɗora mata buhu.

A gida, ba ta sarari: taƙi guda a sama, rabin haka a gefe, ba cikin rufaffen kabad ba, ba kan kafet ba. Idan wutar unguwarku na hawa da sauka, sa sitabilaiza mai moto, wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja, domin mai rile tana tsalle ne mataki-mataki kuma za ka ji shi a lasifika. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta NEPA, mai arahar nan na sa taransifoma kuka da zafi. Babbar taransifoma kan fizgi wuta mai yawa a daƙiƙar kunnawa, har ta kayar da ƙaramar inbata, don haka gwada kafin ka ɗauka lalacewa ta yi. Kada ta kasance a kunne lokacin tada janareta ko juya layi. A sa mai wayarin ya tabbatar ramin ƙasa na soket ɗin yana haɗe da ƙasa da gaske, don a gidaje da yawa ado ne kawai. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, bayan firi'am, wajen kashewa ita ce ta farko. Da hunturu kuma a rufe ta da ƙyalle idan ta huce, a busa mata ƙura kafin zafin Maris ya shigo.